Hajiya Najaha, Wadda Ta Ƙi Rufe Ƙofa

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Rajab, daidai da 14 ga Janairun 2025, bayan sallar azahar, Allah Ya karɓi abinSa. Hajiya Najaha Iliyasu ta rasu a asibitin Damagaram tana da shekara sittin da huɗu, bayan jinyar wata uku. Washegari da hantsi muka kai ta makwancinta a nan Matameye, kusa da kabarin mahaifinta. Wanda Ya ba mu aronta Shi Ya karɓe ta, kuma dukanmu can muka nufa.

Sanarwar da aka karanta a rediyo ba ta kai minti ɗaya ba. An ce tsohuwar ma'aikaciyar gwamnati ce, ta bar miji da 'ya'ya biyu. A wurin zaman makoki kuma wani babban mutum da ya zo daga nesa, bayan an shafa fatiha, ya ce, "Allah Ya jiƙanta. Mace ce mai ƙoƙari, sai dai taurin kai ya hana ta kaiwa inda ya kamata ta kai." Na yi shiru, domin gidan mutuwa ba wurin musu ba ne. Amma yanzu an yi sadakar bakwai, an naɗe tabarmi, kuma ba zan bari wannan magana ta zama ita ce ta ƙarshe a kanki ba, Hajiya.

Sunana Munkaila Shekara, mutumin Dawce. Magini ne ni. Shekara tara na yi ina aikin gini a wani gari da ke ƙetaren Sahara, a ƙasar Larabawa. Ba zan ambaci sunansa ba, domin har gobe muna da 'yan'uwa masu neman abinci a can. Da yake na taɓa lakwal, wato makarantar boko, har kwalej, ni ne sakataren ƙungiyar 'yan yankinmu, ni nake rubuta wa mutane takarda idan wani abu ya taso.

Da muka ji cewa sabuwar ƙaramar jakadiyar da aka turo mana mace ce, wato ke Hajiya, ban ɓoye ba, na ce an raina mu. Ba a yi wata ɗaya ba wani lebura mutumin Tsauni ya faɗo daga saman bene ya rasu. Ba shi da takarda ko ɗaya, kuma mun san irin wannan gawa takan yi watanni a ɗakin ajiya kafin a ba mu. Na zo kwansula, gidan da bironki, wato ofishinki, yake, da wasiƙata ta Faransanci, na shirya jin a ce mini in dawo gobe. Kika karanta har ƙasa, kika ga sa hannuna, kika ɗago kai.

"Shekara na Dawce? Mai kawo rake kasuwar Matameye a amalanke?"

Na ce shi ne mahaifina.

"Ya sha zama a rumfar babana. Tashi mu je."

Kika ɗauki lafayarki muka tafi tare. Biro huɗu muka shiga a ranar, kina Larabci a nan, kina Faransanci a can. Washegari kafin la'asar mun yi wa bawan Allah nan sutura. Tun daga ranar na daina faɗin abin da na faɗa, ko da yake ban taɓa gaya miki na faɗa ba.

Shekara biyu bayan haka yaƙi ya shigo garin. Ɓangare biyu suka raba unguwanni a tsakaninsu, kowa da shingayensa. Sai magana ta bazu cewa baƙaƙen fata sojojin haya ne. Mutumin da ya yi shekaru yana sharar ƙofar gidan wani, ko yana yi masa burodi, ya wayi gari an mayar da shi abin farauta. Masu gidajen haya suka fara koro mu don tsoron abin da zai same su. Wakilan ƙasashe suka shiga tattara kayansu ɗaya bayan ɗaya. Mutanenmu ba su san wani wuri ba sai inda tutar ƙasarmu take, suka taru a ƙofar kwansula da jakunkuna da yara a goye. Mai gadi ya zo ya tambaye ki yadda zai yi. Kika ce ya buɗe duka ganyen ƙofar biyu.

Ina tsaye a bironki ranar da aka bugo waya daga gida aka ce ki rufe, akwai jirgi ranar Alhamis. Ban ji abin da ake faɗa a can ɓangaren ba, amma na ji naki.

"Kujera nawa aka ba mu a jirgin? Huɗu. To, ranka ya daɗe, ina da mutum ɗari uku a tsakar gida. A aiko da abin da zai ɗauke su, ni ce ta ƙarshen shiga."

Ranar Alhamis kika sa ma'aikatanki uku a jirgin, domin kin ce suna da iyali kuma ba su suka yanke shawarar zama ba. Kujera ta huɗu, wadda take taki, kika ba Hadiza, wata mata 'yar Ɗan Barto mai tsohon ciki. Wannan shi ne laifinki na farko a idon waɗanda suka hukunta ki daga baya.

Kwana ashirin da shida muka yi a gidan nan. Ɗari uku suka zama ɗari tara da wani abu. Da wurin ya yi kaɗan kika sa muka fasa katangar da ke tsakaninmu da wani fanko na ajiye kaya, kika ɗaura tuta a kansa, kika rubuta wa shugabannin ɓangarorin biyu cewa daga yau nan ma kwansula ce. Ba mu san ko doka ta yarda da haka ba. Ke kin ce za ki amsa tambayar idan kowa ya tsira. Wani dattijo Balarabe maƙwabcinmu yana miƙo burodi ta kan katanga kowace safiya, kuma daga baya iyalinsa ma a wurinmu suka fake lokacin da wuta ta iso layinsu. Ba ki tambaye su ƙasarsu ba.

Lantarki ya ɗauke tun makon farko, don haka da hannu kike rubuta wa kowa takardar wucewa, ki buga tampo, ki sa hannu. Ni nake kiran sunaye. Wata rana na ga wasu samari a layi, na ji Hausarsu, na sunkuya na ce miki, "Hajiya, waɗannan fa 'yan Daura ne, ba namu ba ne."

Ba ki ɗago ba kika ce, "Malam Munkaila, harsashi yana tambayar kardante ko fasfo? Karanta abin da na rubuta."

Na karanta. Ba ki ce 'yan Nijar ne ba. Kin rubuta cewa mai ɗauke da wannan takarda farar hula ne, yana ƙarƙashin kariyar wannan gida har ya kai iyaka. Haka kika yi wa 'yan Chadi da 'yan Mali, kuma duk lokacin da waya ta samu kina sanar da wakilan ƙasashensu sunayen mutanensu. Ba ki yi ƙarya ko ta harafi ɗaya ba. Duk da haka wannan ya zama laifinki na biyu.

Yanzu na zo inda alƙalami yake mini nauyi. A kwana na goma sha tara tankin ruwa ya ƙafe. Yara suna kuka har muryarsu ta dushe. Akwai rijiyar burtsatse a wani masallaci da bai kai tafiyar minti goma ba. Muka yanke shawara a tura maza da jarkoki da sassafe. Ni na zaɓi mutum goma sha bakwai, masu ƙarfi, masu sauri. Na sa ƙanena Yunus a ciki, don kada a ce na ɓoye nawa na tura na wasu. Ba su dawo ba. Dattijon nan mai burodi ya ga lokacin da aka tare su. Ya ce an sa su tuɓe riguna ana duba kafaɗunsu. Duk wanda aka ga kanta a kafaɗarsa sai a ce shaidar igiyar bindiga ce. Leburan gini ne, Hajiya, kin sani. Buhun siminti ne ya yi musu wannan kanta.

Kika ce in shiga mota in raka ki, tunda ni na san fuskokinsu. Kika sa aka ɗaura ƙaramar tuta a gaban motar, muka nufi wata makaranta da mayaƙan suka mayar sansani. Shugabansu ya ƙi ganinki. Aka nuna miki wani benci a rana. Kika zauna daga hantsi har la'asar, jakarki a kan cinya. Washegari muka koma. Samari masu bindiga suna wucewa suna yi miki dariya, wani ya tofa yawu kusa da ƙafarki, kika gyara lafaya kika yi masa sallama. Na ce miki wannan wulaƙanci ne, mu tafi. Kika ce, "Idan na tashi ya huta. Muddin ina nan, duk wanda ya shiga sai ya tambaye shi wace ce wannan."

A rana ta uku ya sa aka shigar da mu. Mutum ne da bai wuce shekara arba'in ba, idanunsa jajur don rashin barci. Ya ce mutanen da kike nema sojojin haya ne, an ga shaida a jikinsu. Kika juyo kika ce in buɗe kafaɗata. Na buɗe. Kika ce masa, "Ga irinta nan. Wannan mutumin shi ya zuba dakalin benen da kake zaune a ƙarƙashinsa. Idan ba ka yarda ba, ka aika a kawo buhun siminti, ɗaya daga cikin yaranka ya ɗauka na mako guda."

Ya zaro ƙaramar bindigarsa ya ajiye a kan tebur. Kika ci gaba da magana kamar kofin shayi ya ajiye. Kika fito da takarda mai sunaye goma sha bakwai, kowa da sunan ubansa da garinsu, kika ce masa takardar nan ta riga ta fita daga garin, tana hannun ƙungiyoyin agaji na duniya da gwamnatinmu.

"Yaƙi yana ƙarewa," kika ce, "takarda kuwa tana nan. Sunanka zai shiga cikinta ko ka so ko ka ƙi. Abin da ya rage shi ne yadda za a rubuta shi, wanda ya sake su, ko wanda aka yi musu ganin ƙarshe a hannunsa."

Ya daɗe yana kallonki. Ni dai na riga na fara kalmar shahada a zuci. Daga nan ya kira wani ya yi masa magana a kunne. Aka fito mana da mutum goma sha biyar, wasu ba sa iya tsayawa da ƙafarsu. Yunus ba ya ciki, haka ma Lawwali, wani saurayi ɗan Tsauni. Mutumin ya rantse cewa tun ranar farko wata runduna ta tafi da su biyu, bai san inda suke ba. Muka shiga mota muka kama hanya. Kika ce wa direba ya tsaya, kika fita kika yi amai a gefen hanya, kika wanke baki, muka ci gaba. Ina faɗin wannan ne don masu cewa ba ki san tsoro ba. Kin san shi sarai. Zama da kika yi da wannan mutum ba tare da izini daga sama ba, shi ne laifinki na uku.

Kwana huɗu bayan haka, ta hannun dattawan ƙabilun garin da kika yi ta bi gida gida, ɓangarorin biyu suka yarda su buɗe hanyar kudu daga fitowar rana zuwa azahar, rana ɗaya tak. Aka samu kamyo, manyan motocin kaya, goma sha biyu. Ba a ji ɗuriyar Yunus da Lawwali ba. Na ce ba inda za ni. A gaban jama'a, a gaban mata da yara, na dube ki na ce, "Da ɗanki ne, da ba ki tafi ba."

Kika ce, "Mai yiwuwa gaskiya ka faɗa. Shiga mota, Malam Munkaila. Mahaifiyarku ba za ta rasa biyu ba."

Na shiga. Ke kuma kika ƙi zama a motar gaba inda aka tanadar miki wuri, kika hau ta ƙarshe, kika ce idan za a tare wata, ta baya za a tare. A kowane shinge sai kin sauko kin tsaya har goma sha ɗaya sun wuce. Kwana shida muka yi kafin mu shigo ƙasarmu, kuma duk wanda ya hau motocin nan ya sauka da ransa.

Abin da aka saka miki da shi kowa ya sani. An kira ki aka ce ki yi bayani. Aka karanta miki laifuffukan nan uku. Ba a kore ki ba, an yi abin da ya fi kora ciwo: aka ba ki wani ɗaki cike da tsofaffin takardu, kika zauna a cikinsa shekara takwas har lokacin ajiye aiki ya yi. Ba a sake tura ki wakilci ko'ina ba. Waɗanda kika horar suka zama manyan jakadu. An ce an nemi ki rubuta layi biyu na neman afuwa a rufe maganar. Kika ce za ki rubuta idan aka nuna miki wanda ya kamata ki bari a waje cikin mutum ɗari tara.

To, ga amsata ga mai maganar taurin kai. Ina ne ya kamata ta kai da ba ta kai ba? Idan kujera kake nufi, gaskiya ne ba ta samu ba. Amma ka zaga Tsauni, ka zaga Ɗan Barto da Dawce, ka ƙetara Daura, ka tambayi gidajen da maigida ya dawo a cikin motocin nan. Akwai yaran da suke lakwal yau waɗanda ba za a haife su ba da ta bi umarni ranar Alhamis ɗin nan. Mu talakawa mun daɗe muna ɗauka cewa aikin jakada shi ne sa kwat da cin abinci a manyan gidaje. A wurinta muka ga cewa mutum ɗaya da ba shi da ko wuƙa, sai tuta da tampo da harshe da haƙurin zama a benci, zai iya shiga tsakanin bindiga da wanda aka auna. Idan tutar ƙasa ba za ta yi wa lebura inuwa ranar da ake neman ransa ba, ban san amfanin ɗaga ta a ƙasar wani ba. Doka an yi ta ne don mutane. Ba na cewa kowane ma'aikaci ya yi gaban kansa. Ina cewa ranar da umarni ya ce a rufe ƙofa alhali mata da yara suna bakinta, wanda ya buɗe ba shi ne ya kamata ya yi bayani ba.

Kuma kada wani ya ce ina yabonta ne don ta yi mini rana. Ni ne wanda ƙanensa bai dawo ba. Shekara biyu na yi ba na gaishe ta. Idan na ji ta zo Matameye hutu, ba na shiga gari. Sai wata rana da damina, ina dawowa daga gona, na tarar da mota a ƙofar gidanmu. Kin zo Dawce ba tare da kin aiko ba. Na same ki zaune a tabarma a gaban mahaifiyata, Inna Hawa, kin cire takalmi, wani dosiye mai kauri a gefenki. Kina cewa, "Inna, na fito da 'ya'yan mutane da yawa, ban fito da naki ba. Na zo ki gan ni, ki faɗi abin da ke ranki."

Inna ta saurare ki har kika gama. Sannan ta tura miki ƙwaryar fura ta ce, "Sha, 'yata. Biyu na tura, kin dawo mini da ɗaya. Wanda ya tafi da ɗayan bai zo ya zauna a nan ba."

Kika buɗe dosiyen kika nuna mana wasiƙun da kike ta aikawa, ga ƙungiyoyin neman waɗanda suka ɓace, ga gidajen kurkuku, ga duk wanda aka ce ya taɓa riƙe wani sansani. Daga ɗakin nan da aka jefa ki kike rubuta su. Da na raka ki mota na nemi gafarar maganar da na faɗa miki. Kika ce, "Ba komai, Malam Munkaila. Da ƙarya ce da tuni na manta ta." Daga gidanmu Tsauni kika wuce wurin iyayen Lawwali.

Ba ki daina rubutawa ba har bayan kin dawo gida kin zauna. Duk shekara sai kin kira ni kin karanta mini amsar da aka bayar, ko ki gaya mini ba a amsa ba. Inna ta rasu ba ta ji labari ba, kika zo kika zauna da matan gidanmu kwana uku. 'Yarki Anisa ta gaya mini cewa a gadon asibiti, sati biyu kafin rasuwarki, kin sa ta rubuta wata wasiƙar kina faɗa tana rubutawa, kika sa hannu da ƙyar. Ranar sadakar uku ta kira ni gefe ta miƙo mini dosiyen, ta ce kin bar wasiyya a ba ni. Na karɓa. Ban iya Larabcinki ba, Faransancina ma na magini ne, amma zan ci gaba da aikawa har sai an ba mu amsa ko ni ma an ɗauke ni.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanta Alhaji Sa'adu, wanda ya yi kwana ashirin da shida yana jiran waya bai taɓa ce mata ta dawo ba. Ina yi wa Marwan da Anisa ta'aziyya, da ƙanenta Malam Idrisa, da dukan zuriyar marigayi Malam Iliyasu, da mutanen Matameye baki ɗaya. Ku ɗaga kanku. Ba ku da abin sunkuyar da kai a tarihin wannan baiwar Allah. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya albarkaci bayanta.

Ya Allah, baiwarKa Najaha ta zo gare Ka. Ka gafarta mata kurakuranta, Ka yalwata kabarinta, Ka sanya haske a cikinsa, Ka tabbatar da harshenta wurin tambaya. Ta tsaya wa bayinKa ranar da ba su da mai tsaya musu, Ka sa ta a inuwarKa ranar da babu wata inuwa sai taKa. Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarta, tare da iyayenta da namu.

Yunus da Lawwali kuma, idan suna raye, Ya Allah Ka buɗe musu hanyar gida. Idan sun riga ta zuwa, Ka jiƙansu, Ka haɗa su da ita a gidan rahama, ta gan su da idonta, ta huta da nema. Amin.

Munkaila Shekara
Dawce, Matameye